Ranar Da Na Wanke Sulen Girka Da Man Goge Baki

Assalamu alaikum, Edita. Na daɗe ina karanta shafin nan na labaran masu karatu, kullum sai in ce ni ba ni da abin faɗa, alhali ina da shi, kunya ce kawai ta riƙe ni. Ba zan kama sunan kowa ba, har da nawa. Abin da nake so shi ne wata ta karanta ta tsira daga irin wautar da na tafka.

Lokacin ina da shekara ashirin da biyu. Na gama sakandare, ba halin ci gaba, sai aka samo min aikin kula da wata dattijuwa a Riyad. A gidanmu abu biyu aka san ni da su, baki da gaggawa. Abin da ke raina shi ke bakina, kuma idan aka fara yi min bayani ya wuce minti biyu, to kunnena ya riga ya tafi wani wuri. Amma fa ina da aiki, wannan ko maƙiyina ya shaida. Mahaifiyarmu ta horar da mu cewa macen da ta wanke tukunya ba ta ga fuskarta a gindinta ba, to jiƙa ta kawai ta yi. Da toka da yashi muka tashi muna dirzar kwanuka, ɗankunnen zinarenta kuwa duk sallah ni ke wanke mata shi da sabulu da tsohon buroshi har ya riƙa ɗaukar ido. Da wannan alfaharin na sauka a filin jirgin Sarki Khalid, ina jin babu dattin da zai gagare ni a ƙasar Larabawa.

Gidan yana unguwar Suwaidi. Kafilina, wato wanda takardar zamana ta ikama take ƙarƙashin sunansa, ɗan dattijuwar ne, yana aiki a wani ofis a Ulaya, sai ƙarshen mako yake zuwa yana ta mitar yadda masu aikin jirgin ƙasa suka farfasa tituna. Ita kuwa Mama muke kiranta. Ta haura saba'in, mijinta ya rasu, tsohuwar malamar tarihi ce da ta yi ritaya. Idonta ya yi rauni, hannunta kuma yana rawa. Sai mai girki, wata 'yar Damagaram da ta shekara goma sha biyar a gidan, ina ce mata Gwaggo. Ita ta raɗa min tun ranar farko cewa in yi abin da aka sa ni in kama bakina, na ce mata ai bakin nan ko uwata ta gaji da shi ta bar ni.

Wata uku ina wanka da ba da magani da gyaran gado, kafin wata rana bayan la'asar Mama ta ce in kama ta mu shiga wani ɗaki da kullum yake kulle. Ba komai a ciki sai tebur da fitila da littattafai, da wani akwatin katako mai siraran durowoyi. Ta sa na jawo ɗaya. Sulallan zinare ne jere a kan jan karan-miski, kowanne a ɗan raminsa, babu wanda ya fi farcen babban yatsa faɗi, kuma babu wanda ya kewaye daidai kamar kwabon zamani. Wani da kan mace sanye da hular yaƙi, wani da mace mai fukafukai, wani da zaki. Ni da bakina ba ya jira, sai na ce mata ai waɗannan gumaka ne, me Musulma mai yawan azumi irinta take yi da su. Ta yi dariya har ta sarƙe, na ɗauko mata ruwa. Ta ce ya binti, wato 'yata, ita ba ta roƙe su komai ba, su ma ba su taɓa ba ta komai ba, karanta su take kamar yadda ake karanta wasiƙar wanda ya mutu. Ta ce kuɗin mutanen Girka ne, Yunan a bakinta, sun haura shekara dubu biyu, da su aka sallami sojoji, da su aka sayi alkama da jiragen ruwa, masu su duk sun zama ƙasa, su kuma ga su nan.

Daga ranar na zama hannunta da idonta. Kullum bayan la'asar za mu shiga, in shimfiɗa ƙyalle, in wanke hannu in busar, in ɗauko sule ta gefensa kawai, ba a dafa fuskarsa. In kara gilashin nan mai ƙara girman abu a idona in riƙa gaya mata abin da na gani, da guntun Larabcina da Turancin sakandare, ita kuma tana gyara min. Ban taɓa ganin mutum mai sanin abinsa kamar matar nan ba. Sai in ɗora mata sule a tafin hannu, ta shafa gefensa da yatsa, ta faɗi garin da aka buga shi da wurin da ta same shi. Ita ta nuna min cewa da guduma aka buge kowanne, ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa wani ya karkace, wani rubutunsa ya zame gefe. Ta ce wani bawan Allah ne ya zauna ya sassaƙa gashin kan nan sili-sili a jikin ƙarfe, babu gilashi, babu lantarki. Na duba gashin nan na duba, na tuna ni ko kitso ba na iya zama a gama min. Shekara talatin tana tarawa amma duka ba su cika hamsin ba, domin duk wanda ba shi da takardar da ta nuna hannun da ya bi, ko kyauta aka ba ta ba ta karɓa, ta ce wataƙila daga kabarin wani aka tono shi. A jikinta kuwa ko awarwaro babu, sai wani siririn zobe. Matan unguwa idan sun zo suna karkaɗa hannu, zinare na kacau-kacau, sai in dube su in dube ta in yi dariya a raina.

Akwai wani hoto da ta yanko daga littafin masu gwanjo na Turai ta ajiye a ƙarƙashin gilashin teburin. Sule ne mai kan wani saurayi da ganye a gashinsa, bayansa kuma dawakai biyu suna jan keke a guje. Ta taɓa nemansa wani ya fi ta tayi, shi ne ta zauna tana bibiyarsa shekara goma sha ɗaya, har mai shi ya mutu magada suka fito da shi. Shekara goma sha ɗaya, Edita! Ni da ba na iya jiran shayi ya huce. A shekarata ta biyu a gidan Allah ya ba ta shi, ɗanta ya je ya taho da shi da takardunsa. Ya iso ana gobe za a yi mata aikin yanar ido. Ta riƙe shi a tafin hannu tana murmushi kamar an miƙa mata jika, sannan ta ce in sa shi a durowa, ba za ta yi masa kallon gaggawa ba, wanda ya jira shekarun nan zai jira mako guda. Ta ba ni makullin ɗakin ta ce in riƙa share ƙura.

Washegari da hantsi bayan sun tafi asibiti na shiga shara, sai zuciyata ta ce in leƙa baƙon. Ni dai abin da na gani shi ne datti. Sauran sulallan duk tas suke, shi kuwa ya dushe, ga wata jar ƙasa ta maƙale a tsakanin ƙafafun dawakan da cikin harufan. Na ce amma Turawan nan ba su da kunya, a sayar wa tsohuwa abu da tsada haka ko wankewa ba a yi ba. Na ce bari in yi mata abin da idan aka buɗe mata ido, shi za ta fara gani yana walƙiya. Zan faɗi gaskiya, ban sani ba ko ta taɓa gaya min cewa ba a goge su. Ta yiwu ta faɗa a cikin dogayen bayananta, lokacin ni hankalina yana kan waya. Na fara da ruwan ɗumi da sabulu, ƙasar nan ko gezau. Raina ya fara ɓaci. Na ɗauko man goge baki da buroshi na dirza. Wadda ta ƙi fita na sa allura na ƙwaƙule ta. Na ƙarasa da koren gefen soson wanke-wanke, na goge da tsumma. Duka bai fi minti ashirin ba. Ya fito yana sheƙi kamar ɗankunnen amarya.

Da guduna na kai wa Gwaggo kicin ina jiran yabo. Ta dube shi, ta dube ni, ta ajiye ludayi ta dafe ƙirji tana salati. Ta ce 'yar nan kin kashe mu, matar da ko jiƙaƙƙen tsumma ba ta yarda a shiga da shi ɗakin, ke kika kai abin nan famfo kamar wata tukunyar tuwo? Na ce mata ta daina ruɗa ni, ai gyara na yi. Ta ce gyaran gangar auzinawa dai. Na koma na kara gilashi. Kuncin saurayin nan duk ya zama zane-zane kamar inda kaza ta yi tono, gashin da nake yabawa ya lafe, a ƙafar dokin gaba kuma ga wani rami da allurata ta yi. Ashe zinaren mutanen da kusan tsantsa ne, laushi gare shi, ba irin na ɗankunne ba da ake gauraya shi ya yi tauri. Na ɗauko waya na bincika, duk inda na buɗe magana ɗaya ce, kada a kuskura a goge, kuma abin da aka goge ba ya dawowa.

A nan ne na yi laifi na biyu, wanda ya fi na farko muni. Gwaggo, don tausayina, ta ce tunda ƙasa na cire, in mayar da ƙasa mana, ai tsohuwa ba gani take sosai ba. Ta tuna min cewa kafili ba ya wasa, takarda ɗaya zai sa wa hannu in tsinci kaina a jirgi, kuma ba ni ba dawowa. Na ɗebo jar ƙasa daga tukunyar fulawar tsakar gida, na kwaɓa da ɗan ruwan ƙaro, na cusa a tsakanin ƙafafun dawakan da tsinke, na shafa sauran a fuskar don sheƙin ya ragu. Daga nesa kam ya yi kama da hoton. Na mayar da shi raminsa na kulle ɗaki. Kwana huɗu ina kai abinci baki ba na jin ɗanɗanonsa.

Mama ta dawo da ido ɗaya a rufe da bandeji, ɗayan kuma dama hazo-hazo yake gani. A rana ta uku bayan la'asar ta ce ta kasa haƙuri, yau dai ita ma ta koyi halina, in kama ta mu je. Ta sa na ɗauko ɗan farin kati, domin kowane sule yana da nasa da ake rubuta nauyinsa da kamanninsa da duk wani tabo da ke jikinsa. Ta ce in ɗora mata sabon sulen a hannu. Ta shafa, ta kai shi kusa da fuskarta. Sannan ta ce in karɓa in duba mata da gilashi, jar ƙasar nan da ke ƙarƙashin dawakai tana nan? Ta ce ita ce abin da ta fi so a jikinsa. Ƙasar inda ya kwanta ce tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, ita ce shaidarsa cewa ba jabu ba ne, kuma duk hannuwan da ya bi an rasa wanda ya yi ƙarfin halin taɓa ta. Ga gilashi a idona, ga ƙasar tukunyar fulawa tana kallona. Kalma ɗaya kawai zan faɗa, na'am, in rubuta a kati, a wuce wurin. Matar nan shekara guda da rabi duk abin da na ce na gani, shi take ɗauka ta gani. Sai kawai na ajiye gilashin na ce mata Mama babu, na wanke shi da man goge baki, na ƙwaƙule da allura, wannan da ke jiki ƙasar fulawarki ce na liƙa da ƙaro. Ban sa Gwaggo a ciki ba, don hannuna ne ya yi.

Na zaci za ta yi ihu. Da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Sai hawaye na gani yana gangarowa ta ƙarƙashin bandejin, idon da likita ya ce kada a bari ko ruwa ya taɓa. Na durƙusa ina roƙonta ta mare ni amma ta daina kuka. Can ta nisa ta ce ai tun da na ɗora mata shi ta sani, santsinsa ya canza, kuma shekara talatin tana wannan harka ba ta taɓa jin sulen Girka yana ƙamshin na'ana'a ba. Ta ce tambayar da ta yi min ba ta sule ba ce, ni take gwadawa. Gogewar jahilci ne, ta yafe shi nan take, ita ma da laifinta da ba ta tabbatar na ji ba. Amma ƙasar da na liƙa ƙarya ce, wannan sai na ba ta kwanaki. Ta miƙo hannu na ba ta makulli.

Da ɗanta ya zo ya ji, gidan kamar zai tsage. Ya ce halas, wato an gama, a haɗa min kayana, ranar Lahadi zai buga min huruj, wato fita ba dawowa. Ya ce abin da na lalata ko shekara nawa zan yi ina aiki ban isa in gyara ba, shaggala ce, wato 'yar aikin gida, aka ɗauko ba ƙwararriya ba, dama kuskuren na wanda ya ba ni makulli ne. Ban musa ba, karo na farko a rayuwata da aka yi min faɗa bakina ya mutu. Na haɗa jakata na zauna a kicin, Gwaggo tana yanka albasa tana cewa albasar ce ke sa ta hawaye. Muna jiyo su daga falo. Mama ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Ta ce masa ikamar da sunansa take, amma gidan nata ne, kuma ni idonta ce. Ya ce sulen ya rasa fiye da rabin darajarsa. Ta ce ta fi shi sanin abin da ya rasa, kuma ya fi haka, amma ya gaya mata ko tikitin jirgi yana cike ramin allura. Ta ce ya je ofishin da ke kawo 'yan aiki ya ce a ba shi yarinyar da za ta tsaya gaban makauniya ta tona wa kanta asiri alhali tana ganin ƙarya za ta fisshe ta, idan sun ba shi ya kawo ta, ni kuma in tafi. Ya fita ya buga ƙofa. Lahadi ta zo ta wuce, ba wanda ya ce min komai, na kwance jakata.

Hukuncina ya zo bayan an cire mata bandeji. Ta sa na jiƙa sulen a tataccen ruwa, ta ce ba taɓawa, ba motsawa, sai ƙasar ƙaryata ta saki don kanta. Yini biyu ina zagaya kofin nan hannuna yana ƙaiƙayi. Da ya fito, ta zaunar da ni ta ce in duba da gilashi in rubuta a kati da hannuna: an goge shi da man goge baki da soso, fuska ta yi zane, akwai ramin allura a ƙafar dokin gaba, ƙasar asali ta tafi, kuma a gidan nan aka yi. Na ce ko zan ƙara cewa wadda ta yi da kyakkyawar niyya ta yi? Ta ce kati ba ya ɗaukar niyya, abin da ya samu sule kawai yake ɗauka. Na ce to me ya sa sai an rubuta, tunda ba sayarwa za ta yi ba? Ta ce ita ba mai shi ba ce, ajiya aka ba ta na ɗan lokaci, zai wuce hannun wani bayan ta mutu, kuma ba za a cuci wannan mutumin da sunanta ba. Ta duba shi da sabon idonta, irin kallon da ta jira shekara goma sha ɗaya ta yi masa, ta ce duk da haka dawakan suna gudu. Ta mayar da shi tsakiyar durowa, ba ta ɓoye shi a gefe ba. Wata huɗu kafin ta sake ba ni makulli, kuma ranar da ta ba ni ba ta yi wani jawabi ba, ta ce dai in share ƙura. Na ƙara shekara uku a gidan kafin in dawo gida, ban sake jin ta tayar da maganar ba ko da wasa. Allah ya saka mata da alheri, ni ban ga mutum irinta ba.

Har yau ina da gaggawa, ba zan ce na zama waliyyiya ba. Amma na koyi cewa iya aiki ma yana iya zama bala'i idan mutum ya ɗauka abin da aka koya masa a gidansu shi ne ilimin duniya duka. 'Yan'uwana mata da ke fita aiki gidajen mutane, a Saudiyya ne ko a nan gida, don Allah abin da ba ku san shi ba ku tambaya kafin ku kai masa hannu, ko da kuwa a idonku datti ne ƙarara. Idan ana yi muku bayani ku ajiye waya ku saurara har ƙarshe. Idan kuma ƙaddara ta sa kun ɓata, ku faɗa tun kafin a tambaye ku, kada ku bi shawarar rufa-rufa ko daga bakin mai ƙaunarku ta fito, don ba kowa ne zai dace da irin Mama ba, ni ma ba wayona ne ya ba ni ita ba. Sulen nan ya wuce yaƙe-yaƙe, ya kwanta a ƙasa, ya bi hannun mutanen da ban san iyakarsu ba sama da shekara dubu biyu, bai samu rauni ba sai ranar da ya faɗo hannun wadda take son ta taimaka.